Wa Ya Kamata Ya Riƙe Rajistar Sunayen Intanet? Muhawara Daga Sharaɗa, Challawa da Bompai

Idan masu masana'antun Kano suka haɗu, an san abin da ke bakinsu: wutar lantarki, kuɗin dizal, tsadar dala, harajin da ake karɓa hawa-hawa a kan kaya ɗaya, da kayan waje masu shigowa ta bayan fage. Da wuya wani ya saka sunan shafinsa na intanet a wannan jeri, domin kuɗinsa na shekara guda bai kai abin da babban janareta ke sha cikin sa'a ɗaya ba. Amma majemar da ke Challawa mai tura fata zuwa Italiya da Sifaniya, da kamfanin roba na Sharaɗa mai sayo kayan gyaran inji daga Sin ko Indiya, da mai niƙa a Bompai, cinikinsu na ƙetare yana bi ne ta adireshin imel da aka rataya a jikin wannan suna. Ta nan takardar farashi ke fita, ta nan lambar asusun banki ke isa hannun mai saye, ta nan hoton takardar lodin jirgi ke dawowa. Ranar da sunan ya daina amsawa, injuna za su ci gaba da juyawa, amma kamfanin ya zama kurma a wajen abokan cinikinsa. Kuma sunan ba mallaka ba ne irin ta inji. Haya ce ake sabuntawa duk shekara a wurin wani dillalin rajista, shi ma dillalin yana ƙarƙashin mai riƙe da kundi, shi kuma mai kundin yana ƙarƙashin wata ƙungiya guda mai hedikwata a birnin Los Angeles na Amurka. Shi ya sa tambayar wa ya kamata ya riƙe wannan tsari ta shafi Kano kai tsaye, ko da ba ta cika shiga hirar 'yan kasuwa ba.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da masu muhawara suka saba cakuɗawa. Kwamfuta lamba ta sani, ba ta san suna ba, don haka a 1983 wani injiniya mai suna Paul Mockapetris ya tsara hanyar da za a riƙa mayar da sunan da mutum ya rubuta zuwa lambar da na'ura ke ganewa. A can ƙoli akwai uwar rajista, wani ɗan ƙaramin kundi da ke ɗauke da jerin ƙarshen sunaye wajen 1,400 da ɗoriya, irin su .com da .org da .ng da .ne, tare da bayanin wanda ke kula da kowanne. Ƙungiyoyi 12 ne ke rarraba wannan kundi ta adireshi 13, kuma akwai kwafinsa a wurare sama da 1,000 a duniya. A ƙasa da wannan akwai masu riƙe da kundin kowane ƙarshen suna: kamfanin Verisign da ke jihar Virginia shi ke riƙe da .com, ƙungiyar NiRA da ke Legas ita ke gudanar da .ng. Sai hawa na uku, dillalan da ke sayar wa jama'a sunaye. Ƙungiyar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke da alhakin abin da ake rubutawa a uwar rajista, ita kuma ke shimfiɗa ƙa'idojin da masu .com da makamantansu ke bi. Wanda ya ce a karɓe intanet daga hannun Amurka, sai a tambaye shi wane hawa yake nufi daga cikin ukun, domin maganin kowanne daban ne.

Masu cewa gwamnatoci ne ya kamata su riƙe tsarin suna da tarihi a bayansu. Shekaru da dama mutum ɗaya ne, Jon Postel na Jami'ar Kudancin California, ke riƙe da jerin da kuɗin gwamnatin Amurka, har rasuwarsa a watan Oktoban 1998. Bayan an kafa ICANN ma, Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta ci gaba da sa hannu a kan duk wani canji da za a yi a uwar rajista. Wato da Najeriya za ta sauya na'urorin da ke amsa sunan .ng, sai wani ofishi a Washington ya amince. Ƙasashe masu tasowa sun yi ƙorafi a kan haka a taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Geneva a 2003 da na Tunis a 2005. A Dubai a watan Disambar 2012 aka rabu baram-baram a kan yarjejeniyar sadarwa ta hukumar ITU: ƙasashe 89 suka sa hannu, 55 suka ƙi, Amurka na gabansu. Sai da tonon asirin Edward Snowden na 2013 ya zubar da amanar da aka ba Amurka, sannan ta yarda ta saki wannan igiya, kuma kwangilarta ta ƙare ranar 30 ga Satumban 2016, duk da cewa Sanata Ted Cruz ya yi ta kumfar baki, jihohi huɗu kuma suka garzaya kotu don hanawa.

Sai dai masu wannan ra'ayi suna cewa tsugune ba ta ƙare ba, kuma hujjojinsu masu nauyi ne. Har gobe ICANN kamfani ne mai rajista a California, dokar Amurka na hawa kanta, har da dokar takunkumi. A watan Yunin 2021 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta ƙwace sunayen shafuka 33 na kafofin yaɗa labaran Iran, ciki har da Press TV, kuma ba ta buƙaci izinin kowace ƙasa ba, tun da kundin .com da .net a ƙasarta yake. A 2012 an yi irin wannan ga wani shafin caca mai suna Bodog, wanda ya yi rajista ta hannun dillali a Kanada. Ma'anar wannan ga majemar Challawa ita ce, duk wanda sunansa ya ƙare da .com ya shiga hurumin kotun da bai taɓa ganin ƙofarta ba. Ga kuma batun kuɗi. Farashin sari na .com ya tashi daga dala 7.85 a farkon 2021 zuwa dala 10.26 a Satumban 2024, bisa wata yarjejeniya tsakanin Verisign da gwamnatin Amurka wadda babu bakin ɗan Afirka ko ɗaya a cikinta. A daidai lokacin naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, bayan bankuna sun riga sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Kuɗin kaɗan ne, amma wanda katinsa ya ƙi biya ranar sabuntawa yana iya rasa sunan da ya yi shekara goma yana bugawa a jikin kwali.

Hujjarsu mafi ciwo ita ce ta wakilci. ICANN na alfahari da cewa zaurenta a buɗe yake ga kowa: gwamnati, kamfani, malamin jami'a, ɗan gwagwarmaya. To amma zauren da ke yawo daga wannan nahiya zuwa waccan sau uku a shekara, da Turanci da takardu masu ɗaruruwan shafuka, mai kuɗin jirgi da biza da lauya ne ke iya zama a cikinsa har a tashi. Da aka buɗe ƙofar neman sababbin ƙarshen sunaye a 2012, kuɗin takardar nema kaɗai dala 185,000 ne, kuma daga cikin takardu 1,930 da aka shigar, 17 ne kacal suka fito daga Afirka. Brazil da Peru sun yi shekaru suna jayayya cewa .amazon sunan kogi ne da daji da al'ummomi tun kafin a haifi kamfanin, a ƙarshe a 2019 kamfanin ya yi nasara. Wanda wani ya kwaikwayi sunansa na .com don ya yaudari abokan cinikinsa, mafi sauƙin ƙarar da zai kai hukumar WIPO a Geneva dala 1,500 ce kafin kuɗin lauya. A ITU kuwa, in ji su, ƙuri'ar Nijar daidai take da ta Amurka, kuma wannan hukuma da aka kafa tun 1865 ita ta raba lambobin wayar ƙasashe, 234 ga Najeriya, 227 ga Nijar, ba a ji duniya ta tsage ba. Me zai hana a ba ta sunaye kamar yadda aka ba ta lambobi?

Duk abin da aka lissafa gaskiya ne, kuma wanda ya musa shi bai yi wa muhawarar adalci ba. Amma ina ganin maganin da aka kawo ya fi cutar haɗari, dalilina kuwa yana nan kusa da gida. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Jibiya da Maigatari da Illela, aka dakatar da mu'amalar bankuna, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Motocin da ke ɗaukar kayan Sharaɗa da Bompai zuwa Maraɗi da Damagaram suka tsaya cak, har bayan Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Duk abin da hannun gwamnatoci ya kai gare shi sun yi amfani da shi. Abin da bai tsaya ba ko na minti ɗaya saboda takunkumi shi ne .ne na Nijar, domin babu shugaban ƙasar da ke da makullinsa a aljihu. Da uwar rajista na cikin kayan da ake yanke hukunci a kansu da ƙuri'ar ƙasashe, babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa waɗanda suka yanke wa asibitocin Nijar wuta za su ji nauyin yanke mata suna. An riga an gwada wannan a fili. A ƙarshen Fabrairun 2022 gwamnatin Ukraine ta rubuta wa ICANN tana neman a cire .ru na Rasha daga uwar rajista. ICANN ta ƙi, ta ce aikinta tabbatar da cewa intanet na aiki ne, ba hukunta ƙasa ba. A cikin wancan makon Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a a kan mamayar, ƙasashe 141 suka yi tir da Rasha, 5 kawai suka ƙi. Mai son a mayar da uwar rajista ƙarƙashin ƙuri'ar ƙasashe ya dubi waɗannan alƙaluma biyu, ya tuna cewa ƙasar da ba ta da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu ta fi Rasha sauƙin taɓawa nesa ba kusa ba.

Misalin lambar waya ma bai tsaya da ƙafarsa sosai ba. Kosovo ta ayyana 'yancinta a 2008, amma sai a 2016 ta samu lambarta ta 383, bayan an daidaita da Sabiya. A ɗaya gefen kuma, duk tsananin gabar Amurka da Iran da Kuba da Siriya da Koriya ta Arewa, sunayen ƙasashen nan suna nan a uwar rajista, kuma an ba Falasɗinu .ps tun shekarar 2000. Lokacin da wasu masu bin Iran diyya suka nemi kotun Amurka ta ƙwace musu .ir a 2014, ICANN ce ta tsaya ta yi jayayya, kotu ta ƙi buƙatar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2016. Na yarda cewa wannan labari yana da kaifi biyu, domin alƙalin Amurka ne ya yanke, kuma da ya ga dama da ya yanke akasin haka. Wannan gurbi ne na gaske, kuma gyaransa shi ne a nemi Amurka ta kafa doka, ko a ƙulla yarjejeniya, da za ta fitar da aikin uwar rajista kaɗai daga hurumin takunkumi da ƙwace na kowace ƙasa, sauran ayyukan ICANN na kwangila da kuɗi a bar su a gaban kotu yadda za a iya ƙalubalantarta. Ƙasashen Afirka suna da kujeru a kwamitin gwamnatoci na ICANN, Najeriya na ciki, kuma wannan buƙata ce da za su iya haɗa kai a kanta. Ta fi sauƙin samu a kan kwashe tsarin baki ɗaya zuwa hannun ITU.

Akwai wani abu kuma da masu kawo misalin Press TV ke tsallakewa. Ba ta uwar rajista aka ƙwace sunan ba, ta kundin .com aka bi, kuma nan da nan tashar ta koma watsa shafinta a ƙarƙashin .ir, inda hannun Washington bai kai ba. Wato mafi yawan haɗarin da ke kan ɗan kasuwar Kano a hawa na biyu yake, kuma ƙofar fita daga cikinsa tana hannunmu tun 1995 da aka shigar da .ng a kundin duniya. An yi shekaru ana ja-in-ja a kan wa zai riƙe shi, har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya shiga tsakani a 2004, aka kafa NiRA a 2005 a matsayin ƙungiyar masu ruwa da tsaki, hukumar NITDA kuma tana tsaye a madadin gwamnati. Da naira ake biya, a Najeriya ake kai ƙara. Duk da haka sunayen da ke ƙarƙashin .ng ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, alhali .za na Afirka ta Kudu ya haura miliyan ɗaya. A Kano lamarin ya fi haka ban takaici: ana ganin kaya masu kyau a kasuwar Singa da adireshin Gmail ko Yahoo a jikin kwalinsu, wasu kamfanonin kuma gaba ɗaya fuskarsu a intanet shafin Facebook ne ko lambar WhatsApp, waɗanda za a iya rufewa da dare ɗaya ba tare da an samu ko ofishin kai kuka ba. Kunya ce mu yi ta kukan mulkin mallaka a ƙoli alhali ɗakin da aka bar mana mun bar shi a buɗe. Mali ta san tsadar irin wannan sakaci: shekara goma wani ɗan kasuwar Holan ne ke gudanar da .ml, sai a 2023 gwamnati ta karɓi abinta.

A nan ne mai masana'anta mai hankali zai ɗaga hannu ya ce kada a guje wa gara a faɗa wa zago. Idan na bar .com don tsoron alƙalin Virginia, na koma .ng, ai na shiga hannun Abuja, wadda ta fi kusa da ni kuma ta fi saurin fushi. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wajena, kuma ba ni da niyyar sassauta ta. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Babu umarnin kotu, sanarwar minista ce da wasiƙa ga kamfanonin waya, kuma a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Shugaban NITDA ne ya jagoranci kwamitin ƙwararru da ya tattauna da kamfanin, wato hukumar da ke tsaye a kan .ng ba ta da nisa da inda ake yanke irin wannan hukunci. A Satumban 2021 an kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga. Ko mutum ya yarda da dalilin, ya ga saurin da abin ya faru da kuma rashin wurin da mai ƙaramar sana'a zai kai ƙorafi. Masu masana'antu sun fi kowa fahimtar wannan, domin sun san dokar filaye ta 1978 da ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna: takardar da ke cikin akwatin kamfani izinin zama ce, kuma wanda ya bayar yana iya sokewa. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023, da shari'o'in da suka biyo baya, ko wane ne ke da gaskiya a ciki, ya nuna yadda abin da gwamnati ɗaya ta bayar wata ke iya karɓewa. Ba ma son sunan intanet ya zama fili na biyu.

Saboda haka cewa a koma .ng ba ta isa ita kaɗai ba, sai an haɗa ta da sharaɗi. Ya kamata dokar Majalisar Tarayya ta faɗa ƙarara cewa ba za a dakatar ko a ƙwace sunan kowa a ƙarƙashin .ng ba sai da umarnin babbar kotu, bayan an sanar da mai sunan an ji ta bakinsa. Ya kamata NiRA ta ci gaba da zama ƙungiyar mambobi masu zaɓen shugabanninsu, kada ta rikiɗe ta zama sashen wata ma'aikata, kuma ta riƙa wallafa duk shekara adadin buƙatun rufe suna da ta samu, daga wace hukuma, da nawa ta aiwatar. Za a ce kotunanmu na jan ƙafa, ɗan damfara kuwa cikin kwana biyu ya gama kwashe kuɗin mutane da shafin banki na bogi. Haka ne, kuma mai fitar da fata ya fi kowa sanin ɓarnar da harafi ɗaya da aka sauya a cikin adireshi ke yi idan aka aika wa mai saye lambar asusun ƙarya. To a ware wannan: shafin da aka tabbatar yana satar bayanan banki ko yana rarraba cutar kwamfuta a dakatar da shi nan take na 'yan kwanaki ƙidayayyu, in ba a kawo takardar kotu ba a cikinsu ya dawo. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a faɗaɗa wannan ƙofa har ta haɗiye jarida mai suka, ko kamfanin da mai shi ya saɓa da mai mulki, ko wanda ake jayayyar haraji da shi. Idan aka samu wannan kariya, mai saye a Milan da ke ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga Najeriya zai ga cewa sunan .ng yana da mai shi da za a iya kamawa da doka, kuma wannan ne ke gina amana a hankali.

Akwai tabo a ɓangaren da nake goyon baya wanda bai kamata a rufe shi ba. AFRINIC, ƙungiyar da ke raba lambobin intanet ga Afirka daga tsibirin Moris, an gina ta ne a kan wannan tsari na masu ruwa da tsaki, kuma ta kusa durƙushewa. A 2019 aka fallasa cewa an karkatar da miliyoyin lambobi ta hannun wani babban ma'aikacinta. A Yulin 2021 rikicinta da wani kamfani guda, Cloud Innovation, ya kai kotu ta rufe asusunta na banki. Ta zauna ba cikakkiyar hukumar gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya, zaɓen da aka yi a Yunin 2025 aka soke shi, sai da aka sake wani. Masu son gwamnatoci su karɓa suna nuna wannan da yatsa, kuma suna da dama. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar mambobi da mafi yawan mambobinta ba sa zuwa taro, ba sa karanta rahoton kuɗi, suna miƙa ƙuri'arsu ga duk wanda ya zo da takardar wakilci, dole mai kuɗi ɗaya ya juya ta. Bambancin shi ne, wannan cuta tana warkewa idan mambobi suka farka, kuma ƙofar shiga a buɗe take ga kamfanin Kano kamar yadda take ga na Johannesburg. Idan kuwa aka miƙa wa ministoci, mai masana'anta ba shi da kujera ko ɗaya, sai abin da wakilin gwamnati ya tuna ya faɗa a madadinsa.

Game da masu cewa kowace ƙasa ta kafa tata uwar rajistar, kamar yadda Rasha ta share hanya da dokarta ta 2019, amsar gajeriya ce. Mai sayar da kaya a waje yana buƙatar sunansa ya kai ga wuri ɗaya ko daga Kano aka rubuta shi, ko daga Milan, ko daga Guangzhou. Ranar da suna ɗaya ya fara nufin abu biyu, ɗan damfara ne zai fara cin riba. Abin da muke buƙata shi ne kwafin kundin na gaskiya a kusa da mu. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa aiki, an ga amfanin ajiye abin gida a gida. Kano na da mahaɗar IXPN inda kamfanonin intanet ke musayar zirga-zirga, tana da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Wuraren ajiye kwafin uwar rajista da na .ng suna nan, saura masu nema.

Hukuncina shi ne a bar uwar rajista a hannun ICANN, a taƙaita ta ga aikin fasaha, a yi mata katanga daga takunkumin kowace ƙasa har da Amurka, a bar .ng a hannun NiRA, a yi masa katanga daga umarnin baki na kowane minista. Masana'antun Kano sun sha ɗanɗana hukuncin da aka yanke ba sa wurin, daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa buɗe ƙofa ga atamfar waje da ta kashe masaƙu, ta bar gine-gine a Bompai da Sharaɗa sun koma ɗakunan ajiya. Wannan karon kujerar ba ta da tsada. Ina kira ga rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN guda biyu, na Sharaɗa da Challawa da na Bompai da Jigawa, da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA, su shiga NiRA a matsayin mambobi, su aika wakili babban taronta na shekara, su haɗa kai da masanan Jami'ar Bayero su rubuta wa 'yan majalisarmu daftarin dokar da aka ambata. Kai kuma Alhaji mai kamfani, ka sa a ɗauko maka takardar rajistar sunanka a wannan mako ka duba: da sunan kamfani aka yi ta, ko da sunan yaron da ya haɗa maka shafin? In kana da .com ka riƙe shi saboda abokan cinikin da suka saba da shi, ka biya na shekaru da yawa a gaba, sannan ka yi rajistar irinsa a .ng kafin wani ya riga ka.